Tsohuwa da Tsamiyar Bakin Kogi

A can wani zamani, an yi wata tsohuwa a wani ƙauye na bakin kogi. Kowace shekara in ambaliya ta janye, sai ta ɗauki wuƙa ta yi tsaga a jikin wata tsamiya, daidai inda ruwa ya tsaya. Tsagar bana tana saman ta bara, ta bara tana saman ta bara waccan.

Ta je ta ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, ruwa hawa yake yi. A mai da rumbuna kan tudu."

Mai gari ya ce, "Iya, tsorata mana mutane kike yi." Ya sa aka sare tsamiyar.

Tsohuwa ta tsaya gaban kututturen tana huci. Ta ce, "Kun sare tsamiya. Kogin fa, shi ma kun sare shi?" Ta yi ta jidar hatsinta a ka zuwa tudu. Mata uku kaɗai suka bi ta.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya cinye rumbunan gari. Mai gari ya hau tudu jiƙe sharkaf, ya ce, "Iya, a ina ruwan nan zai tsaya?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Je ka tambayi tsamiya."