Gurbin Taɓaryar Gwaggo Asibi

Ramla na tankaɗe a tsakar gidansu a Tanout, hawaye na ɗiga cikin garin gero.

"Sun ƙi, Inna!" ta ce wa kakarta Maryam. "Baffan Rabi'u ya ce gidan sarauta ba ya auren jikar maƙaryaciya!"

Maganar tana da tushe. Shekarar babbar yunwa, da mutanen Damargu suka kwarara kudu, ƙaramar 'yar sarkin wani gari kusa da Gangara ta ɓace a hanya. Inna kuwa makiyaya ne suka tsince ta tana ƙarama suka raine ta. Da ta girma ta je gidan sarkin ta ce ita ce 'yar da ta ɓace, aka yi mata dariya, wai gado take nema. Ta haɗiye baƙin cikinta ta kama sayar da fura.

Shi Rabi'u, mai neman auren Ramla, ɗan gidan sarkin ne, ga kafiya. Ya kwashe su a mota sai garin.

"Don Allah, Baffa, a bari ta gaida Gwaggo Asibi kawai," in ji Rabi'u da suka isa.

Gwaggo Asibi, yayar wadda ta ɓace, ta daɗe da makancewa. Wancan zuwan da Inna ta yi, Gwaggo tana aure a garin Tarka, ba wanda ya kira ta. Ta shafa fuskar Inna, ta girgiza kai.

"Ƙanwata yarinya ce. Wannan fuskar ban san ta ba."

Sun juya za su fita ke nan, Inna ta hangi wani tsohon turmi ɗaure da fata, ana daka a ciki. Kewa ta kama ta. Ta karɓi taɓarya ta buga, ta cilla ta sama, ta tafa, ta cafe, sai ta ɗan dakata. Ta sake, ta kuma dakatawa.

"Wa ke bar mini gurbina?" Gwaggo Asibi ta miƙe tsaye. "Luguden Innarmu ne! Ku ba ni taɓarya!"

Aka kai ta bakin turmin. Duk inda Inna ta dakata, nan taɓaryar Gwaggo ke sauka, ko kuskure babu.

"Maryama! Ashe kina raye muka bar ki kina talla?"

Baffa ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Bayan girbi aka ɗaura auren, tsofaffin nan biyu suka hana kowa taɓa dakan biki.

Ramla ta riƙe darasin har abada: kada ka ƙaryata mutum don ka gan shi cikin tsumma, kuma mai haƙuri da gaskiyarsa Allah ba ya mantawa da shi.