Hannun Malam Attahiru

"Ku fitar da shi daga zauren ga! Shi ya ɗaure ma Malam baki!"

Muryar Gwaggo Hajjo ce ta karaɗe unguwar, har Safinatu ta saki ƙwaryar furar da ke hannunta.

Yau Juma'a, ranar da mahaifinta Malam Attahiru, mai rubuta Alƙur'ani da hannu a Bodinga, ya ce zai ba Haliru amsar neman aurenta. Da hantsi alƙalami ya suɓuce masa, hannun dama ya yi nauyi, harshe ya karye.

Dama dangi ba sa son Haliru. Ɗan boko ne, ma'aikacin ɗakin shan magani na En'e a Shagari. Ita kuwa Gwaggo, ɗanta Mainasara mai fataucin albasa take wa kamun Safinatu, sai ga ciwo ya faɗo mata daidai.

"Gwaggo, ba sammu ba na," in ji Haliru, yana kwance abin awon jini daga damtsen Malam. "Jininsa ya hau ƙwarai. Wata 'yar jijiya ta toshe cikin ƙwaƙwalwa. Hankalinsa garau yake, duk yana jin mu."

"Ƙarya kakai!"

Safinatu ta durƙusa gaban mahaifinta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba... in kana son a kai ka asibiti, kama hannuna."

Hannun hagu ya damƙe nata gam!

A asibitin Sakkwato likita ya ce cikin duk masu shanyewar jiki huɗu da ke kwanciya, kusan ɗaya irin wannan ƙaramar ce, kuma yawanci hawan jini ko ciwon sukari ke jawo ta. Ya hana Malam gishiri da garin tabar da yake ƙunsawa a leɓe. Rabuwa da tabar ta fi ciwon yi masa zafi.

Da suka dawo gida, Haliru ya riƙa tako keke tun daga Shagari duk Lahadi. Ya kawo dabara: a zuba wake a faifai, Malam ya tsince ɗaya-ɗaya da hannun da ya mutu.

Gwaggo ta mai da abin na dariya a gidajen suna. Wai babban malami an mai da shi kaza!

"Masoyina, na gaji..." Safinatu ta faɗa wa Haliru a bakin ƙofa. "Har yau ba a gane maganar Baba, ana ta zaginka."

"Hasken idona, ki ci gaba da zuba wake. Ni zagi bai hana ni tuƙa keke."

Ta yi dariya cikin kuka. A ranar ta san ko shekara goma ce za ta jira shi.

Bayan wata uku Malam ya tara dangi a zaure. Ya buɗe baki, maganar ta fito a cakuɗe.

Caraf Gwaggo ta cafe. "Kun ji! Mainasara yac ce!"

Malam ya harare ta. Ya nuna allo da tawada.

Safinatu ta miƙa masa. Ya ɗaga hannun dama, wanda aka ce ya mutu, ya kama alƙalami. Haruffan ajami na fitowa a karkace, amma kowa ya karanta.

"Na ba Haliru Safinatu."

Ya ƙara layi ɗaya a ƙasa.

"Hajjo, kazar ta gama tsince wake."

Guɗa ta tashi daga cikin gida. Har yau allon na rataye a ɗakin Safinatu a Shagari, ba ta taɓa yarda an wanke shi ba.