Keke Ɗaya, Alama Biyu

An ɗaura auren 'yan tseren keke biyu da safiyar Asabar, a falon gidan mahaifin amarya, wata biyu bayan sun dawo daga gasar nahiya. Ango ya ciyo lambar azurfa, amarya ta tagulla. Keke ɗaya suka hau su biyun a gasar, ɗaya bayan ɗaya.

A cikin tawaga ana kiran angon Agogo, don bai taɓa makara ba. Amarya kuwa Barkono ce, saboda bakinta.

Sun haɗu shekara guda kafin nan, a ɗakin ajiyar kaya na tawagar. Koci ya auna su da tef, ya ga tsayinsu kusan ɗaya ne, ya nuna musu wani baƙin keke a jikin bango. Keken da'ira ne, wanda ake tsere da shi a fili mai zagaye. Ba shi da birki, kuma muddin taya na juyawa feda ba ta tsayawa. Shi kaɗai ne na girmansu.

"Ku raba," in ji Koci.

Barkono ta fara hawa a tsakar harabar. Ta yi zagaye biyu, ta saki feda kamar yadda ta saba a keken titi. Keken ya ɗaga ta ya zubar. Agogo ya ruga, ya fara ɗaga keken yana duba tayarsa.

"Sannu, likitan ƙarfe," ta ce daga ƙasa. "Idan ka gama da ɗan'uwanka, akwai mutum a nan."

"Ke za ki warke. Shi ba shi da na biyu."

Ba ta yi masa magana ba har mako ɗaya. Sai dai dole ta haɗa su. Sirdinta ya fi nasa ƙasa da faɗin yatsa biyu, don haka bakaniken tawaga ya naɗa salatif ja a ƙarfen sirdi a matsayinta, shuɗi a matsayinsa. Duk wanda ya gama sai ya mayar wa ɗayan. Agogo bai manta ko sau ɗaya ba. Wata rana ta ga saƙo a wayarta:

"Na mayar da sirdi kan ja. Na sa wa kaca mai. Ranar nan ke ya kamata in fara ɗagawa."

Ta amsa: "Wata huɗu kafin ka gane? Ashe agogon naka yana latti."

Mahaifinta direban tirela ne, shekara talatin yana kan hanya. Da ta kai masa maganar aurenta da Agogo, yana zaune yana goge tabaransa, bai ɗago ba.

"Na taɓa kwashe mai keke daga kwalta da hannuna," ya ce. "Na bar ki ki yi gasar nan ne saboda mamanki ta roƙe ni. Bayan gasar kin sauka daga keke. Ba zan ba da ke ga wanda zai riƙa kai ki bakin titi kowace asuba ba."

"Baba, ko ganinsa fa ba ka yi ba."

"Ba sai na gan shi ba."

Akwai wani mai kemis, ɗan abokinsa, da ke zuwa gaishe su da mota mai sanyi, yana neman auren Barkono. Ya riga ya ce matarsa ba za ta taka ƙasa ba, balle feda. Baba yana son wannan magana.

A daidai lokacin ne Koci ya mayar da atisayen safe kan babbar hanyar da ke wajen gari, inda manyan motoci suke bi, kowa da keken titinsa. Agogo ya daina jerawa da ita suna hira. Ya koma bayanta kaɗan, ta ɓangaren motoci, bakinsa a rufe. Ta ɗauka fushi yake saboda mai kemis.

"Idan ka gaji ka faɗa," ta rubuta masa. "Ba na son mutum ya riƙa bina kamar inuwa yana kumbure-kumbure."

"Ban gaji ba, Barkonona. Hanya nake saurare."

Ba ta yarda ba. Ta daina amsa saƙonsa.

Ranar Laraba, kwana tara kafin tafiya gasar nahiya, wata tirela ta biyo su a hankali har kusan kilomita biyu. Sai ta matso, ta danna hon mai ƙarfi. Agogo bai kauce ba. Ya ɗora hannu a bayan Barkono ya tura ta gefen ciyawa, shi ya tsaya a kan layi. Motar ta wuce, ta tsaya gaba. Ya jefar da kekensa, ya je ya buga ƙofar direba da tafin hannu.

"Malam! Kai ba ka da 'ya'ya ne? Mace ce a gabanka!"

Gilashi ya sauka. Barkono ta iso tana haki, ta kalli direban.

"Baba?"

Agogo ya cire hular kwanonsa. Ya mayar. Ya sake cirewa.

"Ina da 'ya ɗaya," in ji Baba. "Ga ta nan. Yau kwana uku ina bin ku. Me ya sa kullum kake ta wajen motoci?"

"Ranka ya daɗe, idan wani abu zai zo, ta nan zai zo."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Ba a buga wa direba ƙofa haka," ya ce. "Ka zo gida bayan gasa. Ka sa wando mai tsawo."

A hanyar komawa ta rage gudu har suka jera. "Me ya hana ka gaya mini?"

"Da kin ce ke ma can za ki koma."

"Gaskiya ne," ta ce.

A gasar, tseren lambarta da nasa sun faɗo rana ɗaya, minti ashirin tsakani. Ta sauka da tagulla. Bakanike ya miƙo hannu, ta ƙi ba shi sifanar. Da kanta ta ɗaga sirdin zuwa shuɗi, ta ɗaure, ta tura wa Agogo keken.

"Kar ka kayar mini da ɗan'uwanka."

Ya zo na biyu, da ratar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba.

Mai kemis bai ƙara zuwa ba. A wurin ɗaurin auren, Baba ya sa musu albarka a taƙaice, ya ce Allah ya kai su gida lafiya kowace safiya. Da yayarsa ta tambaye shi ko amarya ta sauka daga keke ke nan, ya ce yanzu wannan ba maganarsa ba ce. Ya ba angon jajayen fitilun baya guda biyu, irin na manyan motoci da aka rage musu girma. Mama ta ce tun makon da ya wuce yake haɗa su a kan teburin cin abinci.

Koci ya ba su aron keken don hoto. Yana jingine a barandar sabon ɗakinsu, da salatif ja da shuɗi a jikinsa.

Ranar Litinin takarda ta iso wa tawagar: an ba ƙasar gurbi ɗaya a gasar duniya, namiji ko mace. Agogo ya ce a ba ta. Barkono ta ce idan ya sake faɗin haka zai kwana a baranda tare da ɗan'uwansa. Koci ya ce za a auna lokacinsu ranar Alhamis. Har zuwa yammacin jiya sirdin yana tsakanin alamun biyu, kuma kowannensu ya ce ba shi ya ajiye shi a nan ba.