Beatrice Biyu a Gida Ɗaya

Ruwan sama ne ya haɗa su a ƙofar wani shagon ɗinki a garin Kitwe. Kangwa ya fake, mai shagon ta miƙo masa kujera. Ya tambayi sunanta, ta ce, "Beatrice." Gabansa ya faɗi, don sunan mahaifiyarsa ke nan. Duk da haka ya karɓi lambar waya.

Wata takwas bai taɓa kiran sunanta ba, sai "Zumata". Da ya kai maganar aure gida, tsohuwarsa ta ajiye muciya.

"A gidan nan? Ka tsaya ka ƙwala sunana, ka ce a kawo maka ruwa? Ba ta da wani suna ne?"

"Akwai Hilda a takardar baftisma, Mama."

"To ta koma Hilda, ko a bar maganar."

Maimakon ya taka ya je ya lallashi yarinya, gogan naku sai ya duƙufa bincike a waya, ya tura mata:

"Zumata, na duba. Beatrice mai kawo farin ciki ce, Hilda kuwa jarumar yaƙi. Hilda ya fi kama da ke. Beatrice ma ya tsufa, sai kakanni."

Amsa ba ta jima ba:

"Wato ni mafaɗaciya ce ko? Hilda limamin coci ne ya liƙa min. Beatrice babana ya raɗa min, kwana uku kafin ramin ma'adinai ya rufta da shi. Je ka auri wayarka."

Sati uku ba ta ɗaga kiransa ba. Kangwa ya bi ya rame, har tsohuwa ta gaji da kwashe tuwon da ba a taɓa ba. Ta fizge wayar ta karanta, ta ce masa sakarai, ta ɗaura zani sai shagon.

"Ke ce mai taurin kan nan? Faɗi sunan in ji."

"Beatrice, Mama."

Duk unguwa Maman Kangwa ake ce wa tsohuwa. Mijinta kaɗai ke kiranta Beatrice, shi kuwa shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa.

"Riƙe abinki, 'yata," ta ce. "Gidan ya daɗe bai ji shi ba."

Ranar biki, ana cikin kiɗa, Kangwa ya yi ta maza a karo na farko ya ce, "Beatrice!"

Mata biyu suka amsa.

Tsohuwa ta murɗe masa kunne, idonta cike da hawaye. "Marar kunya. Allah ya yi muku albarka. Sake faɗa."