Marka Ta Riƙe Shi

Ranar tseren kwalekwale a dam ɗin Bakolori Hafiza ta fara ganin Ayuba. Ya ɗago kai ya kalle ta sau ɗaya, sai da jirginsa ya karkace, amma duk da haka shi ya zo na ɗaya. Kafin taro ya watse ya karɓi lambarta.

Mahaifinta, Alhaji Ɗanasabe mahauci, ya ce sam.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mai kwana bisa ruwa. Ga Shafi'u na Bakura, shanu gare shi."

Wai ɗan ruwa ba shi da alkawari. Kamar 'yan tudu duka waliyyai ne.

Da Inna ta matsa, sai ya sassauto. "To, shi zo da kanshi kahin watan ga shi ƙare. In bai zo ba, Shafi'u ne."

A daidai lokacin aka kwashi waɗanda suka ci gasa zuwa gandun dajin Gashaka, can kudu, inda sai an hau dutse ake samun sabis. Hafiza ta kira har yatsanta ya gaji. Ga shi ana ta gulmar cewa Marka, wata 'yar Maradun da ta daɗe tana son Ayuba, ta bi tawagar.

Sai saƙo ya shigo:

"zumata kiyi haquri. marka ce ta riqeni anan, dare da rana bata bari in fita"

Hafiza ta karanta, ta maimaita, ta ji kamar ta haɗiye wayar.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," ta rubuta, ta je ta shaida wa Inna ta yarda da Shafi'u.

Ranar Talata ta shiga kasuwa, sai ga Marka zaune gaban tiren kifi.

"Ke! Yaushe kika dawo daga Gashaka?"

"Ni? Ko Gusau ban taɓa wucewa ba."

Hafiza ta miƙa mata wayar. Marka ta karanta, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baiwar Allah, marka ta ruwan sama yake nufi! Nan damina ta ɗauke, can yanzu ake tsuga shi. Da ruwa kike kishi?"

Hafiza ta koma gida a guje, ta durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, na yi kuskure."

"Jiya Shafi'u, yau Ayuba. Ni ƙwallo ne? Wa'adi dai yana nan."

Ta tura wa Ayuba saƙon ban haƙuri, saƙon ya ƙi tafiya. Ta sake, ya ƙi.

Ana jajibirin sabon wata Ayuba ya yi sallama a zauren Alhaji, taɓo har gwiwa. Ruwa ya cinye hanya, sai ya ari kwalekwale ya tuƙo shi ta kogi har inda ake samun mota.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafafun Ayuba.

"Tai ka yi wanka, ka turo manyanka."

Bayan Salla aka ɗaura aure. Inna ta kama hannuwansu biyu ta haɗa.

"Allah Shi yi muku albarka, Shi ba ku zuri'a mai jin ƙai. Kai kuma Ayuba, in magana ta taso, kira ta da baki."