Gaisuwar Suruki a Gonar Sola

"Kowa ya kwanta! Wanda ya motsa ya mutu!"

Garzali ne ya daka wannan tsawa, yana dirowa daga bayan a-kori-kura tun kafin ta gama tsayawa. Fuska naɗe da rawani, hannu riƙe da sifana. Sai dai babu kowa a wajen in ban da tumaki. Wata tunkiya ta ɗago kai ta dube shi, ta mayar da baki kan ciyawarta.

"Oga, wa zai kwanta?" in ji Lukman direba.

"Dalla rufe min baki! Haka ake buɗe aiki!"

Ranar Juma'a ce, rana ta take tsaka, a sabuwar gonar sola da wani kamfani ke shimfiɗawa a bayan Darki. Farantan sola ne jere reras, layi bayan layi, iya ganin ido. Manoman da aka karɓi hayar gonakinsu an bar musu damar sako tumaki su yi kiwo a ƙarƙashin farantan, shi ya sa ƙofar take a buɗe.

Kada ka tambaye ni dalilin fashi da rana tsaka. Ilimin Garzali ne. A wajen shiri, a rumfar wani mai faci a Wudil, ya buga ƙirji ya ce, "Ku jahilai ne. Da dare farantan nan fanko ne, an zuƙe wutar. Da azahar ake ɗaukarsu, lokacin da suka cika taf. Ga shi ma'aikata duk sun tafi masallaci." Lukman ya ce wallahi Oga kanka na ja. Allah ya raba mu da wayon da ba a nemi shawara ba.

Na ukunsu shi ne Isyaku, mai wankin babura, wanda ko kaza bai taɓa sata ba. Matarsa Suwaiba ce ta yi yaji tun farkon bazara. Ɗakinsu na haya tamkar tanda, babu wuta, babu fanka, ga ta da ciki. Wata rana suka yi cacar baki, ta ɗaure ƙullinta ta tafi gidansu a Darki. Isyaku ya rantse ba zai je biko hannu rabbana ba. Da wane ido zai dubi surukinsa? Faranti ɗaya tal yake so, ya juya masa fanka, matarsa ta dawo. Garzali ya yi masa alkawarin ɗaya, ya kuma damƙa masa bindigar da suke da ita, wata tsohuwar harba-ka-ruga.

"Kai, Isiya, ga ɗakin mai gadi can! Je ka tsare shi! Ni da Luku za mu kwance kaya. Yi maza!"

Garzali ya cafki farantin farko da hannu biyu — ya saki ihu!

"Wayyo! Wuta!"

"Ka gani ko, Oga? Ya cika!" in ji Lukman da murna.

Isyaku ya nufi ɗakin mai gadi. Ya ja rawani ya rufe hanci. Ya sha kwana ya ɗaga bindiga.

"Hannu sa—"

Maganar ta maƙale. A kan tabarma, a inuwar wani faranti, wani dattijo ne zaune ya miƙe ƙafa ɗaya, yana jan carbi, rediyonsa a gefe. Malam Ƙasimu. Mahaifin Suwaiba! Kamfanin ya ɗauke shi gadi bayan ya ba da hayar gonarsa, Isyaku kuwa ina zai sani, mutumin da ko hanyar Darki ya daina bi saboda kunya?

To, jiki da abin da ya saba. Kafin ƙwaƙwalwar Isyaku ta yanke shawara, ƙafafunsa sun riga sun yanke. Ya tuɓe silifas. Ya zube ƙasa ya durƙusa, kai sunkuye, bindiga a kan cinya.

"Baba, barka da Juma'a."

Dattijon ya rage muryar rediyo. Ya dubi rawanin, ya dubi bindigar, ya dubi silifas ɗin da aka jera a gefe cikin ladabi.

"A'a, Isyaku ne? Barka kadai. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya gida? Ya sana'a?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ya zafi?"

"Lokacinsa ne, Baba."

"Ya wajen su Hajiyarka?"

Daga can nesa Garzali ya ƙwala kira, "Isiya! Ka ɗaure shi?"

Isyaku bai ko ɗaga kai ba. Wane ɗan mutunci ne zai ɗaga murya a gaban surukinsa?

"Abokanka ne?" in ji Malam Ƙasimu. "Madalla. Wannan abin na cinyarka zai ɓata maka riga. Miƙo shi nan."

Isyaku ya miƙa bindigar da hannu biyu. Dattijon ya tura ta ƙarƙashin tabarma, ya zaro wayarsa daga aljihu.

"Idon nan ya tsufa. Duba min sunan Sufeto Saifuddeen ka danna min."

Isyaku ya karɓi wayar. Ya san abin da yake yi, wallahi ya sani. Amma suruki ya sa ka aiki ka ce a'a? Ya lalubo sunan, ya danna, har ya sa masa a kunne.

A daidai lokacin Sufeto Saifuddeen yana cikin mota da yaransa a bakin kasuwar Wudil. Wanda ya san Wudil ranar Juma'a ya san ba a gaggawa. Shanu gaba, shanu baya, tirela ta gindaya tana lodi.

"Fashi? Yanzu? Da ranar Allah? Baba, ka riƙe su, ga mu nan!" Ya buga bayan direba. "Saka jiniya!"

Jiniya ta ɗauka. Wani bijimi ya juyo ya dubi motar, ya kwanta a tsakiyar titi.

A gonar sola kuwa, sun loda faranti uku, tafukan Garzali duk sun tashi. Lukman ya ce bari ya leƙa ya ga me ya tsare Isiya. Ya leƙa. Ga ɗan fashi gurfane ba takalmi, ga mai gadi na waya yana murmushi. Lukman bai tsaya neman bayani ba. Ya koma da sanɗa, ya ja tamfol ya rufe kaya, ya faɗa mota ya ba ta wuta.

"Luku! Luku, uban wa za ka bari a nan?"

"Oga, sai mun haɗu a Kano!"

A-kori-kura ta fice, tumaki suka watse. Garzali ya bi ta da gudu yana zage-zage.

"Isyaku," in ji dattijon a hankali, "tumakin mutane za su fita. Ja ƙofar nan ka sa kwaɗo."

"To, Baba."

Ƙarap! Garzali ya iso ya tarar da ƙofa a kulle, mabuɗi kuma a hannun mai gadi.

"Kai, Isiya, ka haukace ne? Ina ƙarfen? Harbe tsohon nan!"

Nan fa ran Isyaku ya ɓaci. "Oga, ka iya bakinka. Surukina ne."

"Surukin uwar wa!"

Garzali ya juya ya arce cikin layukan sola, wai zai haura waya ta baya. Layin nan kamar wancan, wancan kamar na gaba. Ya yi gabas ya ɓullo inda ya baro. Ya sunkuya zai ratsa ta ƙarƙashin wani faranti — sai ga ragon mai unguwa, wanda ya riga ya mallaki inuwar wajen. Ragon ya ja da baya. Gwaf! Garzali ya kifa. Ya yunƙura — gwaf!

"Jama'a! A kira 'yan sanda!"

"An kira," in ji Malam Ƙasimu.

Lukman ma bai yi nisa ba. Hanyar Kano ta cikin Wudil take, sai ga shi tsundum cikin cunkoson kasuwa, kafaɗa da kafaɗa da motar 'yan sanda. Ya sunkuyar da kai yana salati. Wata saniya ta ga bakin tamfol na lilo, ta kama ta ja. Rana ta doki faranti, hasken ya doki idon Sufeto.

"Kai! Wa ke haska ni?" Ya kare fuska, ya leƙa. "Ikon Allah. Malam direba, sauko mu gaisa."

Sai bayan la'asar suka iso gonar, da Lukman a ɗaure a baya. Suka tarar da Garzali a kan ƙarfen faranti ya naɗe ƙafafu, rago na jiransa a ƙasa. Isyaku kuwa yana nan inda yake, a durƙushe, don ba a sallame shi ba.

"Baba, wannan fa?" in ji Sufeto.

Dattijon ya dubi Isyaku. Fara'ar nan duk ta tafi.

"Da su ya zo, da bindiga a hannunsa. Ba zan yi ƙarya ba. Shi ya kira ka, shi ya kulle ƙofa. Wannan ma ba zan ɓoye ba."

Aka tafi da shi ba takalmi.

Ga abin da fashin ya ci. Garzali ya rasa haƙoran gaba da fatar tafin hannu. Lukman ya rasa a-kori-kurar da ma ba tasa ba ce. Farantan nan uku aka mayar da su mazauninsu, ko tsagewa ba su yi ba. Ni dai na yi dariya har na gode Allah, sai da na ji abin da ya faru washegari a ofishin 'yan sanda.

Suwaiba ce ta zo, cikinta ya fito sosai, da baƙar leda a hannu. Ta tura ledar ta tsakanin ƙarafa. Silifas ɗinsa ne, an wanke su tas.

"Suwaiba, wallahi don ke na yi. Fanka nake so in—"

"Fanka?" Idonta ya ciko. "An ja mana wuta daga gonar nan tun watan jiya. A ƙarƙashin fanka nake kwana, kuma ba na barci. Kullum Baba sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ce yau mijinki zai zo. Ni fanka na ce ka kawo? Zuwa kawai za ka yi ka gaishe shi."

Isyaku ya ɗauki silifas ɗin.

"Ya ce a gaya maka ka iya gaisuwa," in ji ta, tana gyara mayafi. "Ya ce da a zaurensa ka yi ta, da jiya a ɗakinka na kwana."

Ta juya ta fita. Isyaku ya zauna a kan siminti, rungume da silifas, yana kuka kamar ƙaramin yaro.