Mai Shan Jini a Wayar Auta

Ni na fara ganin abin nan, tun su biyun ba su gani ba. Shekara talatin ina gadin ƙofar asibiti, na binne likitoci uku da suka ce ba zan kai baɗi ba. Ko harafi ɗaya ban sani ba, amma fuska ina karanta ta tsaf.

Wata budurwa, Auta, ta zo ba da jini, riƙe da littafin wani dodo mai shan jinin mutane. Ma'aikacin ɗibar jini, wani dogon saurayi, yana ɗaure mata dantse ya leƙa bangon.

"Ashe labarin abokin sana'ata kike karantawa. Da daɗi?"

"Ni ma na rasa," in ji ta. "Ƙyamarsa nake, sai kuma ya ba ni tausayi. Ya sha, ya sha, bai taɓa ƙoshi ba. Abin haushin, ina ajiye littafin sai in ji yunwa."

Ya miƙa mata biredinsa da shayi. Ta wuce ni tana murmushi, ko gaisuwa babu. Ranar ta sa masa suna a waya: Mai Shan Jini.

Wata biyar suna zuba soyayya. Wata safiya saƙo ya shigo, wayar tana hannun Mama, mahaifiyar Auta:

"Autata, yau ma yunwarki nake ji. Ganin jiya bai ƙosar da ni ba."

Mama ta saki salati. "Mai shan jini? Ga shi da bakinsa yana faɗa! In dai ina numfashi, ba ke ba shi."

Auta ta yi bayani, ta yi rantsuwa, ta yi kuka. Mama ta kulle waya da littafin a akwati. Bayan sati uku ta tasa ta a gaba zuwa asibiti, don a raba su ido da ido.

Saurayin ya fito. Wuya ya zurma, riga tana lilo a jikinsa. Ya durƙusa gaisuwa, jiri ya kwashe shi.

"Wannan ne?" Mama ta riƙe haɓa. "Kai yaro, ai kai ke buƙatar ƙarin jini! Rabonka da abinci?"

"Tun da ta daina amsa ni, Mama."

"Tashi mu je gida. Ke kuma daina dariya, wuce ki ɗora tukunya!"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Mama tana ta sa albarka. Allah ya bar su tare. Wanda ya ce na ƙara gishiri, ya same ni a bakin ƙofa, ya faɗa a gabana in ya isa.